Bifteki a Yamai: gidan abinci ko kaskon gida?

Ma'aikacin Plateau: Assalamu alaikum jama'a. Bifteki nake so, wato soyayyen yankan naman sa, mai kauri, mai laushi, wanda ba zai cinye mini albashi ba. Inda na saba ci a Plateau, faranti guda da soyayyen dankali yakan tashi jika shida zuwa bakwai, ban da abin sha. A ƙananan gidajen abinci na unguwa kuwa jika biyu ya isa, sai dai an fere naman siriri, an daddake shi, an soya har ya bushe. Ku da kuke yi a gida, da gaske ya fi sauƙi?

Maman Biyu, Yantala: Wa alaikumus salam. In kuɗi ne kawai, gida ya fi nesa ba kusa ba. Abin da ka biya wa faranti guda ya saya mini kilo na file, wato naman nan mai laushi na ƙarƙashin gadon baya, har da canjin albasa da mai. Bayan na cire jijiya da farar fatar nan da ke manne, ina samun yanka huɗu masu kyau, ragowar gutsattsarin kuma su shiga miya. Gaz ɗin da zai ci bai taka kara ya karya ba, tunda suyar ba ta kai minti goma. Wahalar ita ce samun file ɗin. In ka isa kasuwar Wadata da hantsi, mahauci zai ce maka ya ƙare, ya miƙo maka cinya yana rantsuwa duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Tsohon Kuku: Hajiya ta taɓo inda gizo ke saƙar. Na tsufa a bakin murhun gidajen abinci, bari in gaya muku abin da kuke biya. File tsoka ce guda biyu da ke kwance a ƙarƙashin ƙashin gadon baya, ba ta aiki, shi ya sa take da laushi. A sa guda ba ta da yawa ko kaɗan, kuma masu otel sun riga sun kama ta tun kafin nama ya baro abatuwar, wato mayanka. Shanunmu ba na turke ba ne, da ƙafa suke neman ciyawa da ruwa, don haka cinya da kafaɗa sai dai tukunya.

Na biyu, kwana. Naman da ke kan tebur da safe, a daren jiya aka yanka shi. Awoyi kaɗan bayan yanka tsoka takan sandare, kuma daidai lokacin ne kuke saye ku jefa a kasko. Mu muna ajiye shi a firigo, ba wajen ƙanƙara ba, kwana uku ko huɗu, sai ya saki da kansa. Wannan ajiyar ita ce rabin kuɗin farantinka, ɗana. Sauran rabin kuwa na kilim mai sanyaya ɗaki ne da farin ƙyallen tebur.

In za ka yi a gida: yanka shi kaurin yatsa biyu, ka gicciye zaren naman, kada ka bi shi. Goge ruwan jikinsa sarai. Kasko mai nauyi, ya yi zafi har mai ya fara hayaƙi. Minti uku kowane gefe, kar ka yi ta juyi, kar ka cika kaskon, in ba haka ba ruwa zai fito ya koma dahuwa. Ka sauke, ka bar shi ya huta minti biyar kafin wuƙa ta taɓa shi.

Gwauron Harobanda: Baba, duk na ji, amma ku masu iyali ne. Ɗaki guda gare ni, firigona ƙarami, kuma a watan Afrilu da Mayu wutar unguwarmu ba ta da alkawari. Na taɓa ajiye kilo guda don ya kwana, wuta ta tafi tun azahar, washegari ko kyanwa ba ta so shi ba. Dabarata yanzu: in sayi rabin kilo, in kai wa mai balangun bakin layinmu, in ba shi dala arba'in ya gasa mini a gefen wutarsa, ya barbaɗa yaji. Ni da abokina mu ƙoshi, ba wanke-wanke.

Ɗan Adar: Daga Tawa nake, kuma ina mamakin mutanen Yamai. Ku bar Turawa da biftekinsu mana! Wanda ya ci tozon bijimin Azawak gasasshe, da ɗanyar albasar Galmi a kai, ba ya tambayar file. To amma tunda kun nace, ku riƙa duba lokaci. Da bazara, kafin ruwa ya sauka, shanu sun rame, ko wane kuku ne ba zai yi muku abin kirki da su ba. Bayan damina, wajen Oktoba zuwa Disamba, dabba ta ƙoshi, kitse ya ratsa tsoka, har naman gadon baya na sama, wanda ya fi file araha, yakan yi daɗin suya. Ni a lokacin kaɗai nake sayen naman suya, sauran shekara tukunya.

Inna ta Talaje: Ni abin da ya raba ni da na gidan abinci shi ne jini. Ɗiyata ta kai ni wani wuri, aka kawo nama ina yankawa ja yana malala a faranti. Na ce su mayar. Da ya dawo kuma ya zama takalmi. A gida ina naɗe shi da ganyen gwanda in bar shi awa biyu, ko cinya ce tana laushi, sannan in soya yadda raina ke so. Kanwa ma tana yi, amma tana ɓata ɗanɗano.

Tsohon Kuku: Inna, ba jini ba ne, jinin ya tafi tun wajen yanka. Ruwan tsoka ne mai ja. Ki ce musu ya nuna amma kar ya bushe. Niƙaƙƙen nama ne ban yarda a ci da ja a ciki ba, musamman da zafin nan namu. Ganyen gwanda kuwa gaskiyarki, sai dai in ya daɗe naman yakan yi laɓo-laɓo.

Ɗan Mahauta: Malam na Plateau, ba rowa muke muku ba. Mai otel kullum yana saye, kuma yana biya ko kasuwa ta yi ko ba ta yi ba, dole a fara da shi. Ka zaɓi mahauci guda ka riƙe, ka daina yawo tebur-tebur. Ka faɗa masa tun jajibiri, ka bar ɗan kafin alƙalami, ka zo bayan sallar asuba. Kuma ka tsaya a kansa ya ba ka shi dunƙule, domin hannunmu ya saba da sara, kana kau da kai ya mayar maka da shi naman miya.