Neman shawara: Duniyoyi takwas ne ko tara? Me zan faɗa wa ɗalibaina?

Malamar aji biyar:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar masu ilimi a cikinmu. Jiya ina koyar da darasin rana da duniyoyin da ke kewaya ta, na rubuta takwas a allo. Sai wata yarinya ta nuna tsohon zanen da ke manne a bangon ajin, wanda har ya fara cin rana, ta ƙirga da yatsa ta ce, "Malama, ai nan tara ne." Na ce mata an cire Fuluto. Ban rufe baki ba wani yaro ya ce a wayar yayansa ya ga an gano sabuwar duniya ta tara, wai tana tahowa za ta daki tamu. Ajin ya yi tsit. Akwai wadda na ga idonta ya cika da hawaye.

Na yi musu alƙawarin amsa ranar Litinin. Ba na son in faɗa wa 'ya'yan mutane abin da ban tabbatar ba, kuma ba na son in kashe musu sha'awar tambaya. Da gaske an gano ta? Idan ba a gano ba, daga ina maganar ta samo asali?

Malamin kimiyya mai ritaya:
Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya yi miki albarka da ba ki rufe bakin yaran nan da tsawa ba. Abin da kika rubuta a allo daidai ne, takwas ne tun 2006, lokacin da ƙungiyar masana falaki ta duniya ta mayar da Fuluto sahun ƙananan duniyoyi. Ta tara kuwa babu wanda ya taɓa ganin ta.

Amma ruwa ba ya tsami banza. A watan Janairun 2016 wasu masana biyu na jami'ar Caltech a Amurka, Konstantin Batygin da Michael Brown, suka lura da wasu ƙananan abubuwa shida masu ƙanƙara, can nesa bayan Naftun, duniya ta takwas, waɗanda hanyoyinsu duk suka karkata gefe guda. Kamar ki ga garken tumaki duk sun juya wuri ɗaya, ba ki hango makiyayin ba amma zuciyarki ta ba ki akwai mai kora su. Lissafinsu ya nuna wata duniya mai nauyin tamu sau biyar zuwa goma za ta iya yin wannan jan, kuma za ta ɗauki shekara dubu goma zuwa dubu ashirin kafin ta zagaya rana sau ɗaya.

Ni abin da nake so ki ba yaran shi ne tarihin, don a nan daɗin yake. A 1846 wani Bafaranshe, Le Verrier, ya ga Yuranus, duniya ta bakwai, ba ta bin hanyar da lissafi ya shata mata. Ya zauna da alƙalami ya fitar da inda mai jan ta take, ya aika wasiƙa Jamus, a daren da ta isa Johann Galle ya saita na'urar hangen nesa ya ga Naftun kusan a daidai wurin. To shi wannan Le Verrier ɗin ya sake gwada dabarar a kan Utarid, duniyar da ta fi kusa da rana, ya ce akwai wata duniya tsakaninta da rana, har aka raɗa mata suna Vulcan. Aka yi ta nema shekara da shekaru, babu ita. Sai a 1915 Einstein ya warware matsalar ba tare da wata sabuwar duniya ba.

Ɗalibin jami'a:
Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Ba duk masana ne suka yarda da Batygin da Brown ba. Wasu na cewa abubuwan nan sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, kuma wataƙila sun bayyana a gefe guda ne saboda nan aka fi dubawa. Wanda ya jefar da allura da daddare ya tsaya nema a gindin fitila, abin da ke gindin fitilar kaɗai zai gani. Shi ya sa ido ya koma kan sabuwar cibiyar hangen sararin samaniya ta Vera Rubin da ke ƙasar Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a watan Yunin 2025. Za ta riƙa ɗaukar sararin kudu gaba ɗaya duk bayan 'yan kwanaki har tsawon shekara goma.

Uwar 'ya'ya uku:
Anti, ni dai roƙona ki fara da yarinyar da ta tsorata, kafin duk wani tarihi. Ɗana ya taɓa kwana biyu ba ya barcin kirki saboda irin bidiyon nan. Haka aka yi ta yaɗawa a 2012 cewa wata duniya wai ita Nibiru za ta hallaka tamu, shekarar ta zo ta wuce. Ki ce musu ƙarara babu abin da ke tahowa. Ko da ta taran nan tana nan, hanyarta ba ta ko kusantar Naftun, balle mu.

Malamin kimiyya mai ritaya:
Hajiya ta yi gaskiya. Malama, ga abin da nake yi lokacin ina aji. Fita da su filin ƙwallo, ki ajiye bokiti ki ce shi ne rana. Yaro ya yi taku ɗaya, nan ne duniyarmu. Taku biyar Mushtari, kusan goma Zuhal, talatin Naftun. Sannan ki ce wadda ake nema tana wajen taku ɗari huɗu zuwa ɗari takwas. Za su waiga su ga ta tsallake katangar makaranta ta shige unguwa. A nan za su gane dalilin da ya sa ganin ta ke da wuya. Ba ta da hasken kanta, sai na rana ya je ya same ta ya dawo, kuma duk sanda nisa ya ninka biyu, hasken da ke dawowa yana raguwa sau goma sha shida.

Malamar aji biyar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da kwantar musu da hankali kamar yadda Hajiya ta ce, sannan mu fita fili da bokitin. Tsohon zanen ma na fasa cire shi, zan bar Fuluto a wurin in sa su rubuta 1930 da 2006 a ƙarƙashinta, shekarar da aka gano ta da wadda aka sauya mata matsayi. Baba, saura tambaya ɗaya da na san yarinyar nan za ta yi min: idan aka gano ta, wa ke da ikon raɗa mata suna?