Kafin Ka Sauka Garin Bakin Dam

Ɗan Tafiya:
Salamu alaikum masana ruwa,
Ga tambayata, ku taimaka da amsawa.
Ƙaramin gari ne a bakin kogi,
Ga dam a gefe, ruwa ya taru da yawa.
Baƙon da zai je ya kwana biyu,
Me zai kiyaye, ina ne wurin kulawa?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena,
Fara da wannan, shi ne abin riƙewa:
Ruwan dam yana da mai mabuɗi,
Hannun mutum ke buɗe shi da rufewa.
Kogin da ke ƙasan bango da safe,
Za ka gan shi tamkar yana ƙafewa,
Duwatsu a fili, yashi a shimfiɗe,
Har yara na bin tsakiya suna hayewa.
In an saki ruwa don wutar lantarki,
Ko tafki ya cika ana ragewa,
Ba hadari, ba ɗigon ruwan sama,
Cikin mintuna kogi yana cikowa.
Inda aka sa jiniya, da ka ji ta,
Bar ƙugiya, bar takalmi, hau tudu da gaggawa.
Wani dam ɗin ba shi da jiniya,
Zaɓi dutse guda ka riƙa dubawa.
In ruwa ya hau shi ko da yatsa biyu ne,
Ko ka ga karmami da kumfa suna tahowa,
Kada ka bi kogi ƙasa da gudu,
Yanki gefe, can ne wurin kuɓucewa.
Ruwan da ke fitowa ta gindin bango,
Daga zurfi yake, sanyinsa na kamawa,
Gwanin iyo ma in ya faɗa ciki,
Jijiyar ƙafarsa tana ɗaurewa.
Ta sama kuma, igiyar da aka gitta,
Iyaka ce, ba a ƙetarewa.
Bayanta fuskar ruwa sumul take,
Bututu na ƙasa yana zuƙewa.

Mai Kwalekwale:
Malam Injiniya ya gama da bango,
Tafkin kuwa ni zan yi bayaninshi.
Kwari ne guda aka datse ya cika,
Duk abin da ke ciki ruwa ya rufe shi:
Gona da rijiya da katangar gida,
Itace a tsaye ba wanda ya sare shi.
Dam ɗin Kainji da aka gama a 1968,
Tsohon garin Bussa na ƙarƙashinshi.
Akosombo ta Gana tun 1965,
Daji guda tafkin Volta ya haɗiye shi,
Har yau jirgin da ya hau kututture can,
Kafin a ankara ya ɓarke cikinshi.
Don haka kada ka tsunduma da ka,
Wurin da ba ka zura gora ka auna shi.
Taku biyu ruwa iya gwiwa,
Na uku tsohon gadon kogi, ba ka tadda ƙarshenshi.
Jirgi kuwa, jira a gama lodi,
Sannan ka leƙa ka dubi gefenshi.
Daga ruwa zuwa bakin katako,
In bai kai taƙi ba, sauka ka bar shi.
Buhu mai nauyi a ƙasa a tsakiya,
Wanda ya miƙe tsaye a zaunar da shi.
Rigar ceto ka ɗaure maɗauranta duka,
Ka sa wani ya ja kafaɗa da ƙarfinshi.
In ta haye ta rufe maka kunne,
Ta yi ma yawa, a ruwa mai ita za ta bar shi.
Tafi da safe tafki na kwance,
Da yamma iska takan tayar da shi.
Tafiyar dare kuwa, ko da wa ya roƙa,
Ba ni yi, kuma ban ba ka shawararshi.

Makaniki:
Baba mai jirgi, ka tsallake inji,
Shi ma ba abin rainawa ne ba.
Injin jirgi mai shan gauraye,
Fetur zalla bai taɓa yi masa ba.
Lita 5 ta fetur, mililita 100 na man inji,
In dai littafinsa bai ce wani awo ba.
Mai ya yi kaɗan, fistin zai kama,
Ya yi yawa, filogi ba zai ba da wuta ba.
Akwai ɗan ruwan da yake tsartarwa a baya,
Kashe shi nan take in ka ga bai fito ba,
Leda ce ko ciyawa ta toshe mashaya,
Zai ƙone muddin ba a cire ta ba.
Raba fetur uku: zuwa da dawowa,
Na ukun ajiya ne, ba na yawo ba.
Gorunan roba a jere alamar komar masunta ce,
In ta naɗe farfela ba za ka motsa ba.
Tambayi direba filafili da abin kwarfa,
Kada ka shiga in bai nuna ma su ba.

Ma'aikaciyar Lafiya:
Yayyena kun faɗi abin da ido ke gani,
Saura ɓoyayyiya, ita ce tsargiya.
Ruwa marar gudu mai ciyayi a gaɓa,
Nan ƙaramar katantanwa ke samun mafaka da kiwo lafiya.
Tsutsa ke fita jikinta ta huda fata,
Ba sai ka sha ba, wanka ma hanya ce ɗaya.
Makonni su wuce kafin zazzaɓi,
Jini a fitsari sai daga baya.
Ruwan wanka ka tafasa shi minti 1,
Ko ya kwana 2 a rufe cikin tukunya.
Dogon takalmin roba in za ka taka,
Gidan sauro kuma tun kafin kwanciya.

Ɗan Tafiya:
Hajiya, an ce in ka fito ka goge jiki da ƙarfi,
Tsutsar ba ta samun wurin shigewa?

Ma'aikaciyar Lafiya:
Ɗan'uwa, goge, amma kar ka dogara,
Wadda ta riga ta shiga ba ta komawa baya.
Maganinta praziquantel, a kan nauyi ake ba da shi,
Miligiram 40 ga kowane kilo ɗaya.
Ba ya kashe ta da kyau tana ƙarama,
Shan sa washegari ɓarna ce gaba ɗaya.
Bari mako 6 zuwa 8 su cika,
Ka je a gwada, ka ce ka shiga tafki, kar ka ji kunya.

Direban Hanya:
Baitina kaɗan ne, kan mota ne:
Da rani tafki yana janyewa,
Ya bar fili mai tsaga kamar busasshe,
Sama ɓawo, ƙasa taɓo mai nutsarwa.
Dubi zanen da ruwa ya bari a jikin dutse,
Samansa ne wurin ajiye mota da kwanawa.

Tsohon Injiniya:
Direba ya yi daidai. Saura damina:
In kana tafki ka hangi walƙawa,
Ƙirga daƙiƙa har ka ji rugugi,
Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce tsakaninka da tsawa.
In ƙirgenka bai kai 30 ba,
Ce wa mai jirgi a yi gaɓa mafi kusa da gaggawa.
Ku shiga ɗaki, ba gindin itace ba,
Sai minti 30 bayan rugugin ƙarshe a yi fitowa.