Taƙaitawa: yadda binciken muhalli zai isa ga masu yanke hukunci a Sakkwato

Jama'a, ga abin da na tattara daga maganganun da aka yi kan wannan batu.

1. Kusan kowa ya yarda ba bincike muka rasa ba. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta daɗe tana nazarin ƙasar noma, ruwa da kwararowar hamada, amma yawancinsa yana kwance cikin kundaye da Turanci mai nauyi. Shawarar ita ce kowane bincike ya zo da bayani na shafi ɗaya ko biyu, da Hausa, wanda zai faɗi abin yi, wanda zai yi, da kuɗin da zai ci.

2. A miƙa wa ma'aikatar muhalli da majalisar dokoki wannan bayani kafin a tsara kasafin kuɗi.

3. An daɗe ana magana kan ambaliyar 2010 da ta shafi Goronyo da fadamar Rima. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina farkon kowace shekara, amma manomi a Wurno ko Gada bai cika jin sa da harshensa ba. Aka ce a bi ta rediyo, hakimai, limamai da malaman gona. Wannan batu ya fi damuna, domin gonakin mutane da gidajensu ne a ciki.

An rabu kan abu biyu. Wasu suna ganin aikin mai bincike ya ƙare da gabatar da hujja, wasu suka ce dole ya bibiya har a aiwatar. Haka kuma, wasu na tsoron faɗin inda sakamako yake da shakku zai sa a yi watsi da shi. Mafi rinjaye suka ce a faɗa, don ɓoyewa ke kashe amana.