Wane adadi za a dogara da shi wajen ƙidayar waɗanda cututtukan numfashi suka kashe a lokacin annoba?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina nazarin alƙaluman mace-macen annobar korona, sai abubuwa biyu suka ɗaure mini kai. A rahoton mako-mako na hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka an riƙa haɗa waɗanda ciwon huhu, da mura mai tsanani, da korona suka kashe a rukuni guda, sannan a bayyana su a matsayin kaso cikin ɗari na dukkan mace-macen makon. Me ya hana a ware kowace cuta daban? Na biyu kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa annobar ta ci rayuka kusan miliyan 14.9 a 2020 da 2021, alhali abin da ƙasashe suka bayar bai wuce miliyan 5.4 ba. Ina roƙon masana su warware mini.

Malamin Ƙididdiga ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Amsar tambayoyinka biyu ɗaya ce: gwaji ba ya kaiwa ga kowane mamaci. Korona da mura duka suna iya ƙarewa da ciwon huhu, kuma idan mara lafiya ya rasu ba a gwada shi ba, likita zai rubuta abin da ya gani, wato ciwon huhu. Da an ware su, da a farkon 2020, lokacin da kayan gwaji suka yi ƙaranci, mutane da yawa sun sulale daga lissafin korona. Haɗa su a rukuni guda shi ke hana wannan yoyo. An riƙa kwatanta kason kowane mako da abin da aka saba gani a irin wannan mako a shekarun baya, domin a can cututtukan numfashi suna tashi a hunturu su sauka a bazara, kuma sai kason ya haura wani mizani kafin a ce ya kai matakin annoba. Wannan dabara ta girmi korona nesa ba kusa ba, don masanin ƙididdiga Robert Serfling ya tsara ta tun 1963 saboda mura.

Game da giɓin da ka ambata, ba abu ɗaya ake ƙirgawa ba. Miliyan 5.4 su ne waɗanda gwamnatoci suka danganta mutuwarsu da korona, kuma kowace ƙasa da ma'auninta. Ingila ta sauya nata a Agustan 2020, ta koma ƙirga waɗanda suka rasu cikin kwana 28 bayan gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar, sai adadinta ya ragu da fiye da 5,000 a rana guda. Beljiyam ta haɗa har da waɗanda ake zaton korona ce ta kashe su a gidajen kula da tsofaffi, shi ya sa ta yi kamar ta fi maƙwabtanta asara. Peru kuwa ta sake bitar nata a ƙarshen Mayun 2021, adadin ya tashi daga kusan 69,000 zuwa sama da 180,000. Shi kuma miliyan 14.9 rarar mace-mace ne, wato a ɗauki duk waɗanda suka rasu ko mene ne sanadi, a cire adadin da ake sa ran gani da babu annoba. A ganina wannan ne kaɗai ya dace da kwatanta ƙasa da ƙasa.

Ma'aikaciyar Rajista ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma zan ƙara abin da masu duba jadawali suka fi tuntuɓe a kansa, wato jinkiri. Takardar shaidar mutuwa tana bi ta hannun likita, ta je ofishin rajista, sannan a sanya mata lambar cuta bisa kundin rarraba cututtuka na duniya, inda korona da gwaji ya tabbatar take da U07.1, wadda ake zato kuma U07.2. Wannan tafiya tana ɗaukar makonni, kuma takardun da suka ambaci korona ko ciwon huhu sukan buƙaci mutum ya duba su da ido, ba kwamfuta kaɗai ba. Saboda haka makonni biyu ko uku na ƙarshe a kowane jadawali kullum suna nuna kamar mace-mace na raguwa, alhali takardun ne ba su iso ba. Na sha ganin an yi murna da irin wannan saukar, bayan wata guda kuma layin ya miƙe ya koma sama. Haka nan, Mai Neman Sani, ka riƙa lura ko an jera alƙaluman bisa ranar rasuwa ne ko bisa ranar da aka yi rajista, domin hutun ƙarshen mako ma kan kawo tangarɗa a na biyun.

Ɗan Bincike ya amsa:

Ina da ɗan ja a kan fifita rarar mace-mace da Malamin Ƙididdiga ya yi, ko da yake ban ƙi ta gaba ɗaya ba. Rarar ba ta faɗin abin da ya kashe mutum. Tana haɗa wanda korona ta kashe da mai ciwon zuciya da ya rasa gado a asibiti, kuma ana zaftare mata waɗanda kulle ya tsirar da su, don a hunturun 2020 zuwa 2021 mura ta kusa ɓacewa a ƙasashe da dama. Mai tambaya kuwa cututtukan numfashi yake nema.

Babbar matsalar ita ce, rarar tana buƙatar cikakkiyar rajistar mutuwa ta shekarun baya, kuma ƙasashe da yawa ba su da ita, don haka wani ɓangare na miliyan 14.9 ɗin ƙiyasi ne da aka gina daga bayanan wasu wurare. A kan haka Indiya ta ƙi amincewa da kusan miliyan 4.7 da aka ƙiyasta mata, alhali nata adadin kusan 481,000 ne. Inda rajista take da ƙarfi kuwa abin ya yi amfani sosai: Majalisar Binciken Lafiya ta Afirka ta Kudu ta riƙa fitar da rarar kowane mako, wadda ta kai wajen ninki uku na adadin da hukuma ta danganta da korona. Inda babu rajista, sai a koma ga ƙirga jana'iza a maƙabartu da tambayar iyalai alamomin da mamaci ya nuna, amma tari da sarƙewar numfashi ba sa rabe korona da tarin fuka.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ke nan idan ina son bin ƙasa guda mako bayan mako, wanne zan riƙe?

Ma'aikaciyar Rajista ta amsa:

Ka riƙe alƙaluman takardun shaidar mutuwa na rukunin cututtukan numfashi, waɗanda aka jera bisa ranar rasuwa, ka ajiye rarar mace-mace a gefensu domin ka ga ko suna tashi tare. Makonni uku na ƙarshe kuma kada ka kafa hujja da su sai ka dawo ka sake duba su bayan wata guda.