Steam Deck ko mai Windows? Waɗanda sunka riƙa su ba mu labari

Ɗan Jega: Salamu alaikum 'yan uwa. Na ɗan tara kuɗi ina son sayen kwamfutar gem ta hannu, amma kaina ya ɗaure tsakanin Steam Deck da ROG Ally. Don Allah wanda ya taɓa riƙa ɗaya ya yi magana, ban son labarin YouTube.

Baban Ummi, Gusau: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka tambayi kuɗi, wane gem kake bugawa? In EA FC na ƙwallo ne ko Fortnite ko sabbin Call of Duty to ka bar maganar Steam Deck, don manhajar SteamOS ke kanta, Linux ce ba Windows ba, kuma abin hana maguɗi da ke cikin wasannin nan bai yarda da ita ba. Ni ƙwallo ce rayuwata shi ya sa na ɗauki Ally mai Windows 11, komi na kwamfuta na hawa har Game Pass, tsarin biyan kuɗin wata na wasannin Xbox. Sai dai Windows a ɗan allo inci 7 sai da haƙuri, kana dangwala ɗan akwati da farce, ga abdet na cin data.

Mai Sola, Birnin Kebbi: Ni Steam Deck mai allon OLED gare ni, wadda ta fito a 2023, kuma wallahi ban musanya ta. Ana kiran la'asar in danna madanni guda ta yi barci, in dawo daga masallaci in danna ta ci gaba daidai inda na tsaya. Sannan ƙananan faifan shafawa guda biyu da ke ƙarƙashin analog, wato sandunan juya ɗan wasa, su ne linzaminka, wasannin da sai da linzami duk da su nike yi, Ally ba ta da su. Ku duba batir kuma tunda kun san halin wutarmu, ƙarfin batirin Ally ta farko 40Wh ne, OLED 50, Ally X ta 2024 ita ce 80. Gem mai nauyi ga zafin Afrilu fanka na ihu, ƙaramin batir ba ya kai ka ko'ina.

Ɗan Jega: Yaya to kuɗin fa?

Mai Sola: Deck ta fara da dala 399 a 2022, OLED 549, Ally mai firosesa Z1 Extreme kusan 700. Amma Valve, kamfanin da ke yin Deck, ba ta aikowa Najeriya kai tsaye, ta hannun 'yan kasuwa za ka samu, kuɗin dako da ribarsu na kanka. Ka ware na memori da fawa bank mai 65W tun yanzu.

Hajiyar Argungu: Ni abin da zan ce ka riƙa a hannu kafin ka biya. Na karɓi Legion Go ta yayana, ita ma mai Windows ce, allo inci 8.8 kyau kamar me, hannuwanta ma ana cirewa, amma ta haura giram 850, ina kwance ina wasa sai wuyan hannu ya gaji. Na maida mishi.

Injiniya, Kaura: Ni mai gyara ne, mafi yawan na hannu da ake kawo min analog ne ya lalace, ka saki sanda ɗan wasa ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, ƙurar hunturu kuwa na ƙara mishi. In wadda aka taɓa amfani da ita za ka saya, shiga wurin gwajin madannai a gaban mai sayarwa, ɗauke yatsa ka ga ko ɗigon ya tsaya tsakiya, ka gwada bakin caji, ka bar gem ya yi gudu ta ɗau zafi. Wanda ya hana ka gwaji ka kama hanyarka.

Ɗan Jega: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. FC nike bugawa da abokai kullum dare, ke nan mai Windows zan nema. Baban Ummi zan bi ka ta inbos kan Ally X.