A taimaka min da littafin kotu na sauraro

Maman Ilham: Salam jama'a, don Allah shawara nake nema. Idona ya daina ɗaukar karatu a waya da daddare, shi ne nake so in koma sauraro. Irin na kotu da lauyoyi nake so, wanda ya taɓo wariyar launin fata a Amurka, amma fa mai jan hankali, ba wanda zai sa ni gyangyaɗi a adaidaita har a wuce da ni ba.

Barista: Wa alaikis salam Hajiya. Fara da A Time to Kill na John Grisham, shi ne littafinsa na farko, 1989 ya fito. Wani baƙar fata ne, Carl Lee Hailey, turawa biyu suka yi wa 'yarsa mai shekara 10 fyaɗe a jihar Mississippi, ya san in aka bar wa kotu maganar za su iya sha, sai ya ɗauko bindiga ya harbe su a cikin ginin kotun. Wani matashin lauya farar fata, Jake Brigance, shi ya tsaya masa. Grisham ɗin kansa lauya ne a jihar a lokacin, a 1984 ya ji wata yarinya 'yar shekara 12 tana ba da shaida a irin wannan shari'a, daga nan labarin ya faɗo masa.

Anti Bilki: Na goyi bayan Barista amma wlh ki ji gargaɗina, kar ki kunna babin farko a sifika. Ni a mota na saka muna hanyar kai yara makaranta, ban yi minti uku ba na kai hannu na kashe jikina na rawa, babbar tana ta tambayata Mami me suka yi mata, na ce karatun turanci ne ki yi shiru. Ga kalmar nan ta zagin baƙaƙe, a takarda ido yana tsallake ta amma in mutum ya furta ta cikin kunnenki da muryar ƙauyen kudancin Amurka sai ki ji kamar ke aka zaga. Iyafis kawai.

Maman Ilham: Subhanallah, na gode da kika faɗa Anti. Turancin mai karantawar fa, ana ganewa?

Dan Zariya: Michael Beck ne ya karanta, yana jan magana irin ta mutanen can, kwana biyun farko na sha wuya gsky, sai da na rage gudun zuwa 0.9. Daga baya kunne ya saba har na fara gane waye ke magana tun kafin a faɗi suna, alƙali daban, mai gabatar da ƙara daban. A cunkoson Kawo na cinye rabinsa.

Barista: Abu ɗaya da za ki riƙe kafin ki shiga, don mu nan ba mu da shi, alƙali ne ke sauraro kuma shi ke yanke hukunci. Can kuwa mutum 12 ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari, manomi, malamar makaranta, mai shago, su za su ce ya yi laifi ko bai yi ba. To kowane ɓangare yana da adadin mutanen da zai iya cirewa ba tare da ya faɗi dalili ba, nan ne ake yin wasan, mai gabatar da ƙara ya yi ta tsince baƙaƙe har a wayi gari duk turawa ne a kujerun, kuma haka ta faru da Carl Lee. Mutane suna cewa wannan sashen ya yi tsawo, ni kuma shi na fi maimaitawa. Kotun Ƙolinsu ta hana cire mutum saboda launinsa tun 1986 a shari'ar Batson, amma hani daban, aiki da shi daban.

Dan Zariya: Kuma wanda ya kalli fim ɗin 1996 kar ya ce ya gama, a fim lauyan ne ya ce su rufe ido su ɗauka yarinyar farar fata ce, a littafi kuwa wata mata ce cikin mutum 12 ɗin ta

Anti Bilki: Haba Malam! Baiwar Allah ko saukewa ba ta yi ba za ka gaya mata ƙarshe.

Dan Zariya: Tuba nake, na yi shiru.

Malam Habu: Ni zan ɗan saɓa muku. Littafin yana da daɗi amma labarin lauyan ne, gidansa, matarsa, kuɗinsa, shi Carl Lee yawancin lokaci yana kurkuku ana magana a kansa. In ana son gaskiyar abin a saurari Just Mercy na Bryan Stevenson, 2014, ba ƙagagge ba ne kuma da bakinsa ya karanta. Walter McMillian aka ɗora wa kisan wata budurwa a Monroeville ta jihar Alabama alhali mutane da yawa sun ce suna tare da shi wajen suyar kifi a lokacin, shari'ar kwana ɗaya da rabi, mutum 12 ɗin suka ce ɗaurin rai da rai, alƙali ya ce a'a kisa. Sai 1993 ya fito. Abin haushin, garin Harper Lee ne da ta rubuta To Kill a Mockingbird, labarin baƙar fata da aka yi wa ƙage a kotu, suna ta alfahari da littafin ana yawon buɗe ido.

Maman Ilham: Duk na rubuta. Matsalar ita ce biya, Audible, manhajar littattafan sauraro, da dala ne, wancan watan sau uku katina yana ƙi, na je banki aka ce in dawo Litinin, na koma aka ce sabis babu.

Ummi K: Anti in kuɗi ne matsala ki nemi In the Dark zango na biyu, fodkas ne kyauta, data kawai. Curtis Flowers ne, sau 6 ana gurfanar da shi kan kisan mutum 4 a wani shagon kayan ɗaki a Winona, Mississippi, a 1996, kuma mai gabatar da ƙara ɗaya ne duk sau shidan, cikin baƙaƙe 42 da za su iya zama a kujerun nan ya cire 41. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2019, aka janye ƙarar a 2020, ya haura shekara 20 a tsare. Ina wanke-wanke nake ji, ranar da aka zo kan lissafin nan famfo na ta zuba ban sani ba sai da Umma ta ƙwala min kira.

Barista: Ummi ta kawo wadda ta fi tawa. Hajiya fara da wannan kafin kati ya warware, in kin gama Grisham kuma akwai cigabansa, Sycamore Row, 2013, rigimar gado ce, attajiri farar fata ya rubuta wasiyya da hannu ya bar wa mai aikinsa baƙar fata kusan duk dukiyar.

Anti Bilki: Wannan kam ko a nan aka yi sai an kwana a kotu.

Maman Ilham: Na fara sauke na Ummi da datar dare. Dan Zariya in ka ƙara faɗin ƙarshen wani abu sai na sa an cire ka.