Alewar auduga: sunan da ya dace da cotton candy, da maganar halaccinta

Assalamu alaikum jama'a. Akwai alewar nan da ake sayarwa a wuraren wasan yara da manyan kantuna, musamman lokacin Sallah. Ana naɗe ta a jikin tsinke, ruwan hoda ko shuɗiya, girmanta ya kai kan mutum, amma da ka sa ta a baki sai ta narke. Amurkawa suna ce mata cotton candy, mutanen Ingila kuma candy floss. Mu har yau ba mu tsayar mata da suna ba, kuma rashin sunan ya fara shafar fatawa. Uwa za ta tambayi malam hukuncin "alewar Turawan nan mai laushi", a ce mata ta guje ta domin akwai sinadarin alade a ciki. Wannan amsa ta mashmalo ce, wata alewa dabam mai taushi kamar soso, wadda ake haɗawa da jelatin da ake samu daga fata da ƙashin dabba, sau da yawa na alade. Tamu ba ta buƙatar jelatin ko kaɗan. An haɗa abu biyu a suna ɗaya, hukuncin ɗaya ya faɗa kan ɗayan.

Mu fara da yadda ake yin ta, don daga nan sunan zai fito. Ana zuba sukari a wani ɗan gwangwani da ke tsakiyar babban kwano. Wuta ta narkar da shi, inji ya riƙa juya gwangwanin da ƙarfi, ruwan sukarin ya riƙa fita ta ƙananan huduji. Da ya haɗu da iska sai ya daskare ya zama silili, mai sayarwa ya bi da tsinke yana naɗewa. Sukari ne da kala da ɗan ƙamshi, sauran girman duk iska ce. Mutum biyu ne suka ƙera injin a Nashville ta Amurka a 1897: William Morrison, wanda likitan haƙori ne, da John Wharton mai sana'ar alewa. A baje kolin duniya na St. Louis a 1904 suka sayar da kwali fiye da 68,000.

Sauran al'ummu kowa ya dubi abin da idonsa. Faransawa suka ce barbe à papa, wato gemun baba. Larabawa suna cewa gazlul banat, zaren 'yan mata. A Indiya gashin tsohuwa ake ce mata, Turkawa kuwa sukarin auduga.

Da aka zo neman sunanta na Hausa, wani ɗan'uwa daga Damagaram ya ce tunda a Nijar an riga an san ta da sunan Faransanci, mu fassara kawai mu ce gemun baba. Malam, ina ganin hujjarka, amma ban goyi baya ba. A wurinmu gemu abin girmamawa ne, sunna ce, kuma ba na jin daɗin yaro ya tsaya gaban mahaifinsa yana cewa a saya masa gemun baba ya sha. Gashin tsohuwa ma haka, ga shi gashi a abinci ƙyama yake jawowa Bahaushe. Wata Hajiya ta kawo alewar gizo, saboda kamarta da saƙar gizo-gizo. Sunan ya yi daɗin faɗa, sai dai yanar gizo ta riga ta zama ta intanet, mai ji zai ɗauka alewar da ake saya ta waya ce.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne alewar saɓi. Duk wanda ya tashi gidan da ake kaɗi ya san matakan: a gurje auduga a fitar da iri, a sa baka a shiɓe ta har ta tashi ta yi sakayau, sannan a ɗauki mazari. Wannan shiɓaɓɓiyar audugar, saɓi, ita ce ainihin kamar alewar nan, fiye da audugar da aka tsinko daga gona. Da kakanninmu mata ne za su raɗa sunan, ba na shakka nan za su dosa. Matsalar ita ce masu shan alewar yara ne, kuma yaran Kano da Kaduna da Maraɗi na yau mafi yawansu ba su taɓa ganin bakan shiɓa ba. Sunan da sai an yi masa bayani kafin a gane shi ba zai kai bakin mai tura inji a ƙofar gidan zoo ba.

Shi ya sa na tsaya a kan alewar auduga. Ta bi tsarin da muka saba, irin alewar madara da alewar ɗinya, duk da cewa waɗancan da abin da aka yi su aka raɗa musu suna, wannan kuwa da kamarta. Babu yaron da zai zaci auduga ce ta gaske. A inda ake ce wa auduga kaɗa, alewar kaɗa ma ta zauna daidai. Mashmalo kuma a bar ta da sunanta, don kowacce a tambayi hukuncinta ita kaɗai.

To, halal ce? Asalinta halal ce, domin sukari halal ne kuma asalin abinci halacci ne sai an sami abin da ya hana. Wurare uku ake dubawa: ƙamshi da sukari da kala.

Ƙamshi: wasu kamfanoni kan narkar da sinadarin ƙamshi a cikin ɗan alkohol. Malamai sun yi saɓani a kan ɗan kaɗan da ba ya sa maye, kuma wanda ke son fita daga saɓani yana iya neman wadda aka yi da sukari zalla. Shi kansa sukarin, a Amurka wasu matatu kan tace na rake da gawayin ƙashin shanu don ya yi fari. Gawayin matata ce kawai, ba ya zama cikin sukarin.

Kala ita ce babbar magana. Akwai jan launi mai lamba E120, karmin, wanda ake samu daga wani ƙaramin ƙwaro da ke rayuwa a jikin tsiron kaktus, mafi yawa a ƙasar Peru. Hanafawa ba sa halatta cin ƙwari in ban da fara, don haka da yawa daga hukumomin halal da ke bin mazhabarsu suna hana shi. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta fi sassauci a kan ƙananan halittun da ba su da jini mai gudana, kuma Majalisar Malaman Indonesiya ta ba da fatawa a 2011 cewa wannan launi halal ne. Ga shi kuma galibin kalolin da ake zuba wa alewar auduga na sinadari ne da aka haɗa a masana'anta, babu dabba a cikinsu.

Abin da ya fi damuna ba ƙwaron nan ba ne. A watan Fabrairun 2024 hukumomin Puducherry da jihar Tamil Nadu a Indiya suka hana sayar da wannan alewa bayan gwaji ya nuna akwai Rodamin B a ciki, rinin da ake rina tufafi da fata da shi, wanda ake dangantawa da cutar daji. A watan Maris jihar Karnataka ma ta hana amfani da rinin a abinci. Masu sayarwa sun koma gare shi ne don arha da kuma hasken ruwan hodansa da ke jan idon yara. Alƙur'ani da ya ce mu ci halal ya haɗa da ɗayyib, mai kyau da tsarki, kuma ƙa'idar "babu cuta babu cutarwa" ta isa hana a sa wa yaro rinin zane a baki ko da babu alade babu giya a ciki.

Saboda haka iyaye, idan kun je sayen alewar auduga, ku ce wa mai injin ya nuna muku robar kalar da yake zubawa, ku duba ko ta abinci ce kuma tana da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya. In garin kala ne ƙulle a leda ba rubutu, ku ce ya yi muku fara da sukari kaɗai, injin zai kaɗa ta ba tare da kala ba.